Sankarar Hanta: Kwamfuta Ba Ta Gane Abin Da Ba A Nuna Mata Ba

A 'yan shekarun nan ana yawan jin labarin cewa kwamfuta ta fara karanta hoton asibiti, har tana iya hango ƙari a cikin hanta tun yana ƙarami. Wannan ce fasahar da ake kira ƙirƙirarriyar basira, kuma tambayar da ke bakin mutane ita ce ko za ta iso asibitocinmu, in kuma ta iso ko za ta amfane mu. Isowa kam za ta iso, domin kamfanoni ba sa barin kasuwa ta wuce su. Amfaninta kuwa ya rataya ne a kan wani aiki mai cin rai da ba a cika maganarsa ba, wato tara hotunan hantar marasa lafiyarmu a rumbu guda, da sa ƙwararru su yi wa kowane hoto alama da bayani. A ganina wannan aiki a wuyanmu yake, kuma lokacin fara shi ya yi.

Girman matsalar

Alƙaluman hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 mutum kimanin 900,000 ne suka kamu da sankarar hanta a duniya, kuma fiye da 800,000 suka mutu a dalilinta. Kusancin waɗannan lambobi biyu shi ne abin tsoron: mafi yawan waɗanda aka gano musu cutar ba sa tsira. Dalili kuwa shi ne hanta gaɓa ce mai haƙuri. Ƙari yakan girma a cikinta wata da watanni ba tare da ciwo ba. Kafin mutum ya fara rama, ko cikinsa ya kumbura, ko idonsa ya yi ɗorawa irin na shawara, galibi aski ya riga ya zo gaban goshi.

A Afirka ta Yamma abubuwa biyu ne suka fi haddasa ta. Na farko ciwon hanta nau'in B, wanda akasari ake ɗauka tun ana jariri ko ana ƙaramin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar, miliyan 65 daga cikinsu a yankinta na Afirka. A Najeriya, binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya gano ƙwayar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Na biyu ita ce gubar afulatoksin, wadda wata fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba ko an ajiye su a wuri mai laima. Idan ƙwayar B da wannan guba suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

A 2017 wasu likitoci daga ƙasashen Afirka tara, ciki har da Najeriya da Gana da Kamaru da Sudan, suka wallafa bayanan marasa lafiya 2,566 a mujallar Lancet ta cututtukan ciki da hanta. A Masar, inda nau'in C ya fi yawa, matsakaicin shekarun mai cutar 58 ne, kuma kashi 76 cikin 100 sun sami maganin da ya shafi sankarar kanta. A sauran ƙasashen matsakaicin shekarun 46 ne, kashi 3 cikin 100 kacal suka sami irin wannan magani, kuma rabin marasa lafiyar ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba bayan an gano cutar. Wato cutar tana ɗauke mana magidanta da iyaye mata a tsakiyar ƙarfinsu, kuma muna ganinta a makare.

Alhali idan an kama ƙarin yana ƙarami ana iya yanke shi, ko a ƙona shi da allura mai zafi, ko a dasa wa mutum wata hantar. Wani babban gwaji da aka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin a kan mutum fiye da 18,000 masu nau'in B, wanda aka wallafa a 2004, ya nuna cewa duba hanta duk bayan wata shida ya rage mace-mace da kashi 37 cikin 100. Saboda haka duk abin da zai ƙara wa idon mai dubawa kaifi abin so ne, musamman a wurin da likitocin da suka ƙware a karatun hoto ba su da yawa, kuma yawancinsu suna manyan birane.

Yadda kwamfuta ke koyo

Kwamfuta ba ta san hanta ba, ba ta san ƙari ba. Abin da take gani kawai shi ne ɗigon haske da duhu. Ana koyar da ita ne ta hanyar nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa, kowanne da amsarsa: nan hanta ta fara, nan ta ƙare, wannan dunƙule sankara ne, wancan ba ita ba ce. Tana canka, ana gyara mata, har ta kama siffofin da ke rarrabe ɗaya da ɗaya.

Amsar nan mutum ne ke rubuta ta. Hoton na'urar CT na mutum guda ba shafi ɗaya ba ne, yanka-yanka ne da kan kai ɗaruruwa, kamar an yayyanka albasa ana duba kowane zobe. Likitan hoto zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana zana iyakar hanta da iyakar ƙari. Bugu da ƙari, ana ɗaukar hoton a lokuta daban-daban bayan an zuba wa mutum ruwan da ke haska jijiyoyi. Lafiyayyen naman hanta yana samun mafi yawan jininsa daga babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji, sankarar kuwa daga jijiyar da ke kawo jini kai tsaye daga zuciya take sha. Don haka ƙarin yakan riga sauran hantar yin haske, sa'annan ya riga ta dusashewa. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara ma'auni a kan irin waɗannan siffofi tun 2011, wanda ake kira LI-RADS, yana jera abin da aka gani daga mataki na 1, wanda babu shakka ba sankara ba ne, zuwa na 5, wanda babu shakka ita ce.

Ingancin kwamfuta ba ya wuce ingancin wannan alama. In an zana iyaka a karkace, karkatacciyar za ta koya. In an kira ƙurji sankara, haka za ta riƙa kiransa a gaban kowane majiyyaci har abada, kuma ba ta gajiya da maimaita kuskure.

Rumbunan da ake da su yanzu

Mafi shahara a cikin rumbunan hoton hanta da kowa ke iya amfani da su shi ne wanda ake kira LiTS, wanda aka haɗa don wata gasar masu bincike a 2017. Yana ɗauke da hotunan CT 201, daga cibiyoyi a Jamus da Holan da Kanada da Faransa da Isra'ila. Akwai wani ƙarami na wata cibiya a birnin Strasbourg na Faransa mai hotunan mutum 20. Akwai kuma babbar taskar hotunan sankara da Cibiyar Sankara ta Ƙasar Amurka ke ɗaukar nauyi. Waɗannan ayyuka ne nagari, kuma da su aka horar da manhajoji da yawa. Sai dai a cikin cibiyoyin da suka ba LiTS hotuna babu ko ɗaya daga Afirka, kuma wani ɓangare na ƙarin da ke ciki sankarar hanji ce ko ta mama ko ta huhu da ta yaɗu zuwa hanta.

Mai karatu zai iya cewa ai hanta hanta ce, ta Bajamushe da ta Bakano halitta ɗaya. Gaskiya ne, amma abin da ke samun hantar da kuma na'urar da ke ɗaukar hotonta sun bambanta.

Na farko, mai cutar a wurinmu ya fi ƙuruciya, kuma nau'in B yana iya haifar da sankara tun kafin hanta ta taurara ta yi tabo. A Turai da Amurka kuwa yawancin masu cutar dattawa ne da hantarsu ta riga ta ƙanƙance saboda barasa ko nau'in C ko kitse. Bangon da ƙarin ke fitowa a kansa ba iri ɗaya ba ne.

Na biyu, muna da cututtukan da ke kama da ƙari a hoto waɗanda ba kasafai likitan Munich ke cin karo da su ba. Akwai ƙurjin hanta da ƙwayar atuni ke haifarwa, wanda magani ke warkarwa. Akwai tabon da nau'in tsargiyar da ke kama hanji ke bari a gefen jijiyoyin hanta. Akwai tarin fuka da kan sauka a hanta, da ƙunshin ruwa na tsutsar da ake ɗauka daga karnuka, wanda ake gani a cikin makiyaya. Manhajar da ba ta taɓa ganin waɗannan ba za ta iya tsorata mai ƙurji da labarin sankara, ko ta kwantar wa mai sankara hankali da labarin ƙurji.

Na uku, kuma wannan ya fi sauran nauyi, na'urarmu ta yau da kullum ita ce ta sikanin, wadda ake goga wa a ciki. CT da MRI suna da tsada, kuma suna manyan asibitoci. Sikanin kuwa ana samunsa har a garuruwan ƙananan hukumomi, kuma shi ne dama aka yarda da shi a duniya don duba masu haɗari duk wata shida. Rauninsa shi ne ya dogara da hannu da idon mai yi. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2018 ya gano cewa sikanin shi kaɗai yana kama kashi 47 cikin 100 ne kawai na sankarar da ke matakin farko, in an haɗa da gwajin jini na AFP ya kai kashi 63. Nan ne gurbin da kwamfuta za ta fi taimaka mana, kuma nan ne shahararrun rumbunan ba su fi ƙarfi ba.

An riga an ga illar aro

Wannan fargaba tana da shaida. A 2018 wasu masu bincike a Amurka suka horar da manhaja don gane ciwon huhu a hoton ƙirji, ta yi kyau a asibitocin da ta koya, amma ƙoƙarinta ya ragu da aka kai ta wani asibiti. Da suka bincika sai suka ga ta koyi gane asibitin da aka ɗauki hoton, har daga 'yar alamar ƙarfe da ma'aikata ke ɗorawa a gefe, tana amfani da wannan wajen canka. A 2020 kuma kamfanin Google ya wallafa abin da ya faru da manhajarsa ta duba idon masu ciwon suga a wasu ƙananan asibitoci 11 a ƙasar Tailan. An horar da ita da hotuna masu kyau, sai ta ƙi karɓar kashi 21 cikin 100 na hotunan da ma'aikatan jinya suka ɗauka, sau da yawa saboda hasken ɗakin bai dace ba. In haka ta faru tsakanin asibiti da asibiti a ƙasa ɗaya, ina ga tsakanin Turai da Gusau ko Maraɗi?

Akwai kuma misalin da ke nuna cewa aikin mai yiwuwa ne. A 2023 aka shigar da hotunan MRI na ƙwaƙwalwar marasa lafiya daga cibiyoyin Najeriya cikin gasar duniya ta gano ƙarin ƙwaƙwalwa da ake kira BraTS, bayan likitoci sun yi musu alama. Masu bincike daga ko'ina suka gwada manhajojinsu a kan hotunanmu. Abin da aka yi wa ƙwaƙwalwa ana iya yi wa hanta, wadda cutarta ta fi yawa a cikinmu nesa ba kusa ba.

Siffar rumbu nagari

Abu na farko shi ne a daina zubar da hoto. A wurare da yawa mai sikanin yana buga hoto ɗaya ko biyu a ƙaramar takarda mai dusashewa, ya maƙala a jikin rahoto, ya goge sauran. Hoton da ake bukata shi ne ainihin wanda na'ura ta fitar, a tsarin da duniya ta amince da shi mai suna DICOM, tare da gajeren bidiyo na yadda aka zagaya hantar.

Na biyu, kowane hoto ya tafi da ƙarshen labarinsa. Dunƙulen da aka gani a sikanin, me ya zama? An tabbatar da CT ko MRI? An tsakuro nama an duba? Ya ɓace bayan maganin ƙurji? Hoton da ba a san ƙarshensa ba tamkar tambaya ce ba amsa. Wannan yana bukatar a riƙa bibiyar majiyyaci ko da ta waya ce, a kuma haɗa hoton da shekarunsa da sakamakon gwajin jininsa.

Na uku, alama ta fito daga hannun ƙwararru biyu, kowa ya yi nasa bai ga na ɗan'uwansa ba, in sun saɓa na uku ya raba gardama. Kuma a biya su. Likitan da ya wuni a kan layin marasa lafiya ba zai kwana yana zana iyakar ƙari a kyauta ba, in ma ya fara ba zai ɗore ba.

Na huɗu, a tara har da lafiyayyun hantoci da masu ƙurji da masu tabo da masu kitse. Asibitocin koyarwa cike suke da hotunan ƙari manya-manya, waɗanda ɗalibin likita ma zai gane. Abin da ke da wuyar samu shi ne ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, kuma ba a samunsa sai an kafa tsarin duba masu nau'in B a kai a kai. Wato rumbun da shirin dubawar tare suke tafiya.

Na biyar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri da Jos, da manyan asibitocin Yamai da Damagaram, kowannensu yana da na'urori da marasa lafiya iri dabam. Wannan bambanci shi ne zai hana manhaja haddace asibiti ɗaya. A kuma ware wani kaso na hotunan a kulle, kada a horar da kowace manhaja da shi, domin ya zama jarrabawar da duk kamfanin da ya kawo hajarsa zai zauna kafin a saya.

Amanar majiyyaci

Hoton cikin mutum sirrinsa ne. A cikin fayil ɗin hoton akwai suna da ranar haihuwa da lambar asibiti, a sikanin ma sau da yawa sunan yana rubuce a saman hoton. Dole a goge duk wannan kafin hoto ya shiga rumbu. Ciwon hanta yana jawo tsangwama, ana fasa aure a kansa, ana rasa aiki, saboda haka sakaci a nan zalunci ne. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, kuma babu binciken da ya halatta sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. A nemi yardar majiyyaci da harshen da yake ji, a gaya masa ƙin yardarsa ba zai rage masa kulawa ba.

Sai batun mallaka. Bai kamata a kwashi hotunan talakawanmu kyauta, a gina manhaja a waje, a dawo a sayar mana da dala ba. Rumbun ya zauna a hannun cibiyoyinmu, da rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda zai shiga da abin da asibitocin za su samu. Akwai ma hanyar da manhaja ke zuwa ta koya a kowane asibiti ba tare da hoton ya bar wurin ba.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce ƙasar da jarirai da yawa ba sa samun allurar rigakafin nau'in B a ranar haihuwa, me ya kai ta maganar kwamfuta? Wannan suka tana da ƙarfi, kuma in kuɗin ɗaya ne tak, allurar ce a gaba. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yara tun 2004, kuma ba jariri ita cikin awa 24 na farko shi ne babban makamin da zai kare jikokinmu. Amma allura ba ta amfanar miliyoyin da suka riga suka kamu. Su abin da ke gabansu shi ne magani irin tenofovir ga wanda ya cancanta, da kuma dubawa a kai a kai. Yawancin abin da rumbun ke bukata, wato adana hoto da bibiyar majiyyaci da tabbatar da sakamako, aiki ne da asibiti nagari ya kamata ya riƙa yi ko da babu kwamfuta a duniya.

Wani kuma zai ce mene ne amfanin gano ƙari da wuri in babu inda za a cire shi? Wannan ma gaskiya ce, kuma dalili ne na a horar da likitocin tiyata da masu ƙona ƙari a lokaci guda. Sai dai likitan tiyata ba ya ƙwarewa a kan marasa lafiyar da suka zo a makare. Sai ana kawo masa waɗanda za a iya yi wa aiki sa'annan sashen zai tsaya da ƙafarsa.

Naka kason

Ka je a gwada jininka don nau'in B da C, kai da iyalinka. In babu, a yi maka rigakafin B. In akwai, ka nemi likitan hanta, ka tambaye shi yaushe za ka fara sikanin da gwajin AFP na duk wata shida, domin ɗan Afirka mai nau'in B ana so ya fara tun yana matashi. Ka adana duk sakamakonka a jaka ɗaya, ka riƙa tafiya da su, saboda kwatanta hoton bara da na bana yakan tona abin da hoto ɗaya ya ɓoye. A tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, kada a mayar da su ƙuli-ƙuli ko kunu. A guji barasa da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

In wata rana ma'aikacin asibiti ya nemi izinin sa hotonka cikin rumbun bincike, ka tambaye shi wa zai gani, ko za a goge sunanka, kuma wane kwamiti ne ya amince. In amsoshin sun gamsar da kai, ka yarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma manhajar da za ta duba hantar 'ya'yanmu gobe daga hotunanmu na yau ya kamata ta koya. Allah Ya ƙara mana lafiya.